Taɓarya Mai Makara

Yayana ya dawo gida daidai lokacin da kowane makaɗi ke neman hanyar fita. Shekarun farkon shari'a ne, an daina kiɗan dandali, bukukuwa sun yi sanyi, masu kalangu na wajenmu duk sun koma ƙetare iyaka suna cin abinci a bukukuwan Dendawa na ƙasar Benin. Kowa na fita da ganga, shi kuma sai ga shi ya shigo da tasa. Haka yake tun yana yaro, in jama'a suka yi gabas sai ya ga yamma ta fi kyau.

Ranar kasuwar Lolo ce. Ina tsugune gaban kwandon bandar kifina aka ce mini wani dattijo ya sauka daga jirgin ruwa da akwatuna, yana tambaya ko tsohuwar gidanmu na da rai. Na je bakin kogin Kwara na tarar da wani siriri mai furfura yana rawar ƙafa a kan yashi, yana kaɗa yatsu a cinyarsa. Ban gane fuskar ba, yatsun na gane. Na yar da mayafi na fasa ihu, kifin ma sai maƙwabciyata ce ta kwaso mini shi.

Mu Sarkawa ne, kamun kifi muka gada, ba kiɗa ba. Mahaifinmu ya rasu yana jin kunyar a ce ɗansa makaɗi ne, domin a wurinmu kiɗa sana'ar maroƙa ce. Amma Yaya tun yana ƙarami ba abin da ya tsira daga hannunsa. Ya kaɗa gefen jirgi, ya kaɗa ƙwaryar abinci, ya kaɗa kaina in na zauna kusa. Da ya zama saurayi ya bi jirgin albasa zuwa Malanbil ta ƙasar Benin, da cewa zai kwana biyu. Can ya haɗu da wasu masu kiɗan zamani, ya zama mai ɗaukar musu kaya, har suka sauka Kwatano. Duk sa'ad da mai gangunansu ya tashi shan iska sai ya hau kujerarsa. Ba a daɗe ba kujerar ta zama tasa.

Ya yi shekaru yana kiɗan rawa a otal-otal, daga baya ya gaji da shi. Ya ce kiɗan da ka san ƙarshensa tun daga farko ba shi da bambanci da cin tuwon jiya. Ya faɗa cikin wasu masu busa da garaya irin ta Turawa, baƙaƙe da farare, waɗanda ba sa shirya abin da za su kaɗa, sai dai kowa ya saurari ɗan'uwansa ya amsa masa. Su suka tafi da shi Faransa, daga nan ya yi ta yawon ƙasashen sanyi. Ya ce mini a can mutane kan cika ɗaki su zauna tsit, ba mai rawa, ba mai liƙi, sai an gama su tashi tsaye suna tafi. Na ce masa mu nan wannan zama ta'aziyya muke kiransa.

Sau ɗaya ya aiko mana da kiɗansa a kaset, ta hannun wani direba. Muka taru tsakar gida, mijina ya sa sababbin batura a rediyo. Sai muka ji ƙarar kamar an saki awaki a rumfar maƙera. Mijina ya kashe da sauri, ya ce rediyon ya cinye zare. Washegari ya kai wa mai gyara a Lolo, mutumin ya kwance shi kaf, ya goge, ya ɗaura, ya sa kaset ɗin, ya sake kwancewa. A ƙarshe ya ce rediyo lafiyarsa ƙalau, kaset ne ruwa ya taɓa a hanya. Muka yi ta jimamin asarar da Yaya ya yi. Inna ba ta ji shi ba, ta je Kende gaisuwar mutuwa a makon.

Yanzu ga shi ya dawo, gwiwa ta gaji, sanyin Turai ya shiga ƙashi, ba mata ba ɗa. Inna, mahaifiyarmu, tana zaune a gidana, idonta ya dushe amma kunnenta na jin motsin kiyashi. Ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta daɗe tana shafawa, sannan ta ce, "Kwana biyun naka ya yi tsawo." Ya durƙusa ya yi kuka kamar yaro. Ya ce ya dawo ke nan, ba inda za shi sai ranar da ɗayansu ya binne ɗaya. Mijina ya ba shi shagon ƙofar gida, aka jibge akwatunan a ciki. Na yi farin cikin da ban taɓa yin irinsa ba tun haihuwar ɗan farina.

Matsalar daga kalma ɗaya ta taso. Cikin samarin da suka taya shi ɗaukar kaya akwai wani da ya yi acaɓa a Ikko. Ya tambaye shi abin da ke cikin akwatunan, Yaya ya ce, "Kayan jaz na." Shi sunan kiɗansa ya faɗa. Amma a bakin mutanen Ikko, jaz asiri ne, tsafi ne tsagwaronsa. Saurayin ya dire akwatin ya goge hannunsa a ƙasa. Ga mutum ya fito daga Benin, ƙasar da tsofaffinmu ke kira Dahomai, wadda kowa ke cewa can ne gidan tsafi, ga akwatuna baƙaƙe a kulle, ga shi da bakinsa ya faɗa. Kafin kasuwa ta zagayo zancen ya kai har ƙauyen Sharabi.

Ni ban sani ba, shi ma bai sani ba. Abin da muka gani kawai shi ne baƙi sun yawaita. Mutanen da ba su taɓa gaishe mu ba suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya duba hagu ya duba dama kafin ya shiga shago. Wata rana da hantsi ina shanya kifi jikin zana na ji wani masunci maƙwabcinmu yana magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, gaskiya na kana jaz?"

Yaya ya ce, "Ƙwarai kau. Da shi nit tsuhwa."

"Shina ci?"

"Ci? Har Turawa ya kama. Na ga ƙato shina kuka sabadda shi."

"Subhanallahi! To kai ka juya shi, ko shi ka juya ka?"

Yaya ya yi dariyar jin daɗi, don ya daɗe bai sami mai tambaya irin wannan ba. Ya ce, "Kai ka san abin! In nis soma, ni kaina ban san inda za shi kai ni ba."

Sai mutumin ya ce to a taimaka masa da na kifi, tarunsa ya yi wata bai kama abin kirki ba. Yaya ya ɗauka wasa ne, ya ce kifi ba ya son hayaniya. Nan na dafe ƙirji, don na gane inda aka dosa. Na leƙa na ce wa maƙwabcin ya je ya ɗinke tarunsa, ramin da ke jiki ma ɗan maraƙi zai wuce ta ciki. Da ya fita na fassara wa Yaya abin da ya gama amsawa. Ya yi dariya har ya faɗo daga kan kujera. Ni ban yi ba, na san garinmu.

Kwana kaɗan dattawan unguwa suka kira mijina bayan sallar Juma'a. Suka ce a wannan zamani da ake gyaran al'umma ba za a zauna da kayan tsafi a cikin gari ba. Ko dai surukinsa ya fito da su a ƙona, ko ya kwashe su ya koma inda ya fito. Abin haushin, biyu daga cikin masu zafin maganar na gan su da idona suna fitowa daga shagon nan. Liman, wanda mutum ne mai sanyin hali, ya ce kada a yanke hukunci a kan ji. Gani ya kori ji, za su zo ƙofar gida ran Asabar bayan la'asar a buɗe akwatunan.

Yaya ya ce gangunan nan ba mai sa musu wuta yana numfashi. Na san kuma in ya sake shiga jirgi, shi da Inna sai a lahira. Tsohuwar kuwa tun ranar ta daina cinye tuwonta. Na same shi a shago na zazzage masa abin da ke cikina.

Na ce, "Yaya, don Allah ran Asabat ka yi musu kiɗi irin na mutane. Wanda kay yi otal. Su ji dun-dun-dun, su ce makaɗi na, su yi ma wa'azi su tahi. Wa'azi ba shi kisa."

Ya ce, "Auta, wanga kiɗi na bar shi tun ba ki yi armen hwari ba."

"Arme guda niy yi! Kuma in kas saki awakin nan na cikin kaset, wallahi ni da kaina ka kai ka bakin ruwa."

Ya yi alkawari, amma yana yi yatsunsa na wasa a gefen akwati. Na fita ban gamsu ba.

Ran Asabar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Liman da mai gari da dattawa suka zauna, samari suka tsaya nesa, yadda in abu ya fito za su sami hanyar gudu. Mu mata muna ciki, na sa ido a kafar zana, Inna na zaune bayana kan kujerarta kusa da turmi. Yaya ya fara fito da kaya. Ganguna manya da ƙanana, babbar a kwance da abin takawa da ƙafa, faya-fayan tagulla a kan sanduna. Har na fara sakin numfashi. Sai ya buɗe akwatin ƙarshe. Ya ciro sarƙa, ya ciro ƙwarya, ya ciro kofatan akuya a ɗaure da igiya, da damin dalmar taru, da guntun filafilin tuƙa jirgi da ya yi baƙi don tsufa. Ko boka ne ya ga kayan nan sai ya yi sha'awa. Na ji wani dattijo ya ja a'uziyya da ƙarfi.

Liman ya ce, "To, mi aka yi da su?"

Yaya ya ce, "Kaɗa su akai, Allah shi gafarta Malam."

"To kaɗa mu ji."

Ya zauna ya ɗauki sanduna. Wallahi ya cika mini alkawari, amma na ɗan lokaci. Ya soma kiɗa mai daɗi, mai tafiya daidai, har na ga ƙafar mai gari na motsi ƙarƙashin riga. Sai na ga ya rufe ido, na ce shi ke nan, mun shiga uku. Kiɗan ya karye. Ya ja sarƙa a kan tagulla, ya watsa dalma a kan fata, ya bugi filafili, ya yi shiru, ya sake ɓarkewa ta inda ba a zata ba. Kansa na lilo, bakinsa a buɗe. Samari suka ja da baya. Wani ya ce, "Iskoki sun hau!" Na ji hawaye na zubo mini, rabi na tsoro rabi na haushi, ina tunanin da wane tulu zan fasa masa kai.

Sai na ji Inna ta ce daga bayana, "Auta, wa ka lugude ƙohwar gida?"

Na ce ba kowa, Yaya ne ke kashe kansa. Ta ce in yi mata shiru. Ta karkata kai tana saurare, sai na ga bakinta ya soma murmushi. Ta ce, "Wanga luguden nau na. Ji ƙahwa tai. Ji inda ta ka makara."

Lugude shi ne dakan da mata kan yi su biyu ko uku a turmi ɗaya, taɓarya na bin taɓarya, ana jefa ta sama a tafa a cafe. Inna ta yi suna a kansa, amma da wani aibi da kowa ya sani. In ta jefa taɓarya ta tafa, ba ta saukowa inda ake jiranta, sai ta ɗan makara kamar ƙiftawar ido. Abokan dakanta sun yi mata gori har sun gaji, wasu ma ba sa yarda su shiga turmi da ita. Ni a hannunta na koya, da makarar na tashi, ban ma san aibi ba ce sai da na yi aure. Na kasa kunne. A ƙarƙashin duk wannan hargitsi, babbar gangar da yake takawa da ƙafa tana tafiya a hankali, tana jira, tana saukowa a makare.

Inna ta miƙe, abin da ta daɗe ba ta yi ba sai an kama ta. Ta ce a zuba gero a turmi. Ta lallaɓa ta kama taɓarya, ni na kama ta biyu. Ta ɗaga da ƙyar, ta jira, ta sauke. Daidai da ƙafarsa ta sauka, ba gaba ba baya. Na bi ta. Bugu kaɗan ta yi hannunta ya gaji, maƙwabciyata ta karɓa, Inna ta koma tana ba mu tafi.

A waje kiɗan ya tsaya cak. Sai na ji gangar ta amsa, a hankali, kamar mai sallama. Muka ba shi, ya ba mu. Na jefa taɓarya sama na tafa, ya watsa dalma a cikin ratar. Abin da ya zama hargitsi ɗazu sai ga shi kowane ƙara ya sami wurin zama. Wata ta saki guɗa ba ta sani ba. Mijina ya ba ni labari daga baya cewa wani tsohon masunci ne ya fara magana a waje, ya ce, "Kai! Wanga ai filafili na ka bugun jirgi. Ga taru nan ya hwaɗa ruwa." Wani ya ce ya ji sarƙar ɗaure jirgi, wani ya ce awakin da aka sauke ran kasuwa ne. Dattawan da suka zo ƙona kaya suka koma gardamar ko bakin ruwan safe ne ko na yamma.

Da muka tsaya, geron ya zama gari, zanena ya jiƙe da gumi. Na koma kafar zana. Liman ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Jama'a, ni ban ji tsahi ba. In don kiɗi na kau, gaskiya ban ji kiɗi ba. Daka nij ji. Kuma ban san littahin da yah hana daka ba."

Aka fashe da dariya, mai gari har da tari. Na dubi Yaya. Mutumin da Turawa ke tashi tsaye su yi wa tafi, yau an yanke masa hukunci a garinsu cewa shi ba makaɗi ba ne. Na ga abin ya ɗan sosa shi, ya buɗe baki zai yi gyara. Na yi gyaran murya daga bayan zana, irin wanda ya sani. Ya rufe bakinsa ya ce ya gode. Daga ranar sunan mai daka ya bi shi, har yara ke kiransa da shi.

Da jama'a suka watse ya shigo ya zauna a ƙasa gaban Inna. Ya ce mata duk abin da aka yaba masa a ƙasashen nan makarar nan ce. Masana kiɗa sun yi ta tambayarsa inda ya samo ta, matasa sun yi ta ƙoƙarin kwaikwayo sun kasa. Ya ce duk inda ya hau kujerar kiɗa, taɓaryarta yake jira ta sauko. Ya ce, "Inna, ki gahwarta min. Kayanki nis sata nit tahi da su, ban ko yi sallama ba."

Inna ta yi dariya har ta share ido. Ta ce, "Kayan wa? Ni kahin in haihe ka, dut garin ga babu wadda tak kai ni daidai. Kai na anka goya, ga nauyi ga mutsuniya. In nij jehwa taɓarya sai ka zame, sai na gyara ka da gwiwar hannu kahin in cahe. Aka yaye ka, hannu ya riga ya saba." Ta laluba ta kama kunnensa ta ja. "Shekara da shekaru ana min gori sabadda kai. Kai na makarar. Kayanka kaɗ ɗauka."

Yaya ya matso jikinta. Ya kifa kansa a gwiwarta, ta riƙa bubbuga bayansa, ni kuma na tashi na ɗora tukunya, don na ga alamar yau za a cinye tuwo.

Inna ta ƙara damina uku tare da mu, kuma shi ya riƙe hannunta ranar da ta cika. Yanzu injin niƙa ya shigo ƙauyen, 'yan mata ba su san lugude ba, jikokina na yi mini dariya in na ce a fito da turmi. Ina fito da shi duk da haka. Yaya ya tsufa ƙwarai, sandunan ma ba kullum yake iya riƙe su ba, amma ƙafar tana nan. In na ɗaga taɓarya na ɗan dakata a sama, sai in ji shagon ƙofar gida ya yi tsit yana jirana, sannan mu sauka tare.